Matsalar Daga Cikin Gida Take

Funtua,
Satumba, 2021

Yaya Abdussamad,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida Anti Amina da yara. Mu nan lafiya lau, sai zazzaɓin damina da ya zagaya gidan, yanzu kuma ya saki kowa. Inna ta ce in gaya maka ƙafarta ta yi sauƙi tun da ta bar tsayuwar tuyar ƙosai, sai dai ba ta bar ƙorafin zaman ba.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina. Ka dai ji an yanke layin waya a yankin nan saboda matsalar tsaro, daga Funtua har Bakori da Malumfashi. Ba kira, ba saƙo, ba intanet. Mai son magana da wani sai ya shiga mota ya nufi hanyar Zariya har inda waya za ta kama, Kawu Almustapha kuma ya hana mu mata wannan tafiyar. Manu maƙwabcinmu zai kai lodin masara Ibadan, ya ce ya san Sabo, unguwar da kake zaune, shi ya sa na ba shi.

Maganar asibitin Kawu ce. Kwamfutocin da ka haɗa mana kafin ka tafi sun daina ganin juna. Kowace tana kunnuwa, amma idan na buɗe shafin magani a ɗakina sai ta yi ta juyi, daga ƙarshe ta ce ba ta sami saba ba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan duka. Haka a wajen yankan kati, haka a ɗakin gwajin jini, haka a ɗakin ganin likita. Abin ya fara ne a makon da aka yanke layi, don haka kowa ya ce ai dama ba netwok. Kawu ma haka ya ce, a jira a dawo da layi.

Benedict, mai kula da kati, shi kaɗai ne bai yarda ba. Ya ce kai ka koya masa cewa kwamfutocinmu ta kebul suke magana, ba ta iska ba, saba kuma ga ta nan a ɗan ɗakin da ke bayan wajen kati, ba a wani gari take ba. Ya kashe komai ya kunna, ya canza kebul ɗin saba, ya hure ƙurar akwatin nan mai ramuka da yawa da kuke ce wa suwic. Idan ya kunna sai abu ya yi kamar zai tashi, kafin ka gyara zama ya tsaya. Ya je hanyar Zariya don ya kira ka, ya koma kuma, duk wayarka a kashe.

Tarihin marasa lafiya duk yana cikin saba. Masu hawan jini suna zuwa karɓar magani, in tambaye su wanne suke sha, su ce fari ƙarami. Wata tsohuwa daga Maska ta zo, 'yarta ta ce akwai allurar da ta taɓa kumbura mata jiki, an rubuta a kwamfuta kada a sake yi mata, ba wanda ya tuna wace ce. Yanzu Benedict ne ke wuni a ɗan ɗakin nan gaban saba, ya duba, ya rubuta a guntun takarda, a kai wa likita. Lokacin zazzaɓi ne, layi yakan kai bakin titi.

Ya ce in faɗa maka abu ɗaya: fitilun suwic duk suna ƙyaftawa tare, da sauri, ba hutawa. Da ba haka suke ba.

Me za mu yi? Manu zai jira amsa idan ka same shi da wuri.

Ƙanwarka,
Zakiyya

*

Ibadan,
a garejin manyan motoci

Zakiyya,

Wa alaikis salam. Muna lafiya, Amina tana amsawa, a gaida Inna. Manu bai same ni ba sai yanzu, motarsa kuma har ta ɗauki lodin komawa, don haka a kan gwiwata nake rubutun nan. Inda muke aiki a wannan watan a bakin ƙofa ake karɓe waya, shi ya sa ba a samuna.

Ki gaya wa Kawu kada ya jira kowa. Yanke layi ba ruwansa da wannan. Matsalar daga cikin gida take. Ƙyaftawar fitilun nan na nufin saƙo ne ke ta yawo ba tsayawa, irin wannan kuwa ba ya faruwa da kansa, hannun mutum ne. Wani ya jona abin da bai kamata ba. A bincika a ga wanda ya taɓa kebul a makon da abin ya fara.

Zan zauna in rubuto cikakken bayani, in ba motar da za ta biyo baya.

Yayanki,
Abdussamad

*

Funtua,
Oktoba, 2021

Yaya Abdussamad,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya. An fara girbin masara, Inna ta tafi Danja dubiyar ƙanwarta da ta haihu.

Takardarka ta iso, amma ba hannuna ta fara shiga ba. Manu ya kawo ta asibiti ina wajen salla, ya ga Kawu a baranda ya miƙa masa. Kawu ya ga rubutunka da sunan asibiti a bayan ambulan, sai ya buɗe. Na dawo na tarar ya tara mu a ofishinsa, ƙofa a buɗe, yana karantawa a bayyane. Wurare uku ya maimaita: cikin gida, hannun mutum, da saƙo ke ta yawo.

Sai ya dubi Benedict ya ce, “Wa ke riƙe da mabuɗin ɗakin saba?”

Ya ce, “Ni ne, Dakta.”

“Wa ke taɓa kebul a asibitin nan?”

“Ni ne.”

“Zuwan da kake yi hanyar Zariya fa, da wa kake magana?”

Benedict ya ce kai yake nema. Kawu ya ce ga takardarka nan, ba ka ce ka ji muryarsa ba. Na ce ai ka faɗi dalilin da ya sa ba a samunka. Ya ce in yi shiru tukuna. Ya karɓi mabuɗi, ya ce Benedict ya zauna a gida har a gama bincike, ya sa aka kashe suwic da saba aka kulle ɗakin.

Ina jin Kawu iyakar abin da ya yi niyya ke nan. Amma ka san halin da garin yake ciki. Tun da aka yanke layi, duk wanda aka ce yana da hanyar aika saƙo, kallon mai kai wa mutanen daji labari ake yi masa. Mai gadi ya ji abin da aka karanta, ya kai teburin mai shayi. Washegari labarin da ke gari shi ne akwai na'ura a asibitin Dakta Almustapha mai aika saƙo ko babu layi, fitilunta ba sa daina ƙyaftawa, kuma yaron nan ne ke wuni a kanta shi kaɗai.

'Yan sintirin unguwa sun je shagon mahaifiyarsa suka tafi da shi. Ba su doke shi ba, tambayoyi suka yi masa, suka bincike wayarsa. Da Kawu ya ji, da kansa ya je ya ce ma'aikacinsa ne, maganar ta asibiti ce, suka sake shi kafin la'asar. Sai dai bai ce ya dawo aiki ba. Shagon Maman Benedict kuma, da ake layin sayen garin kwaki da manja, na wuce jiya na ga ita kaɗai ce zaune tana korar ƙuda.

Mun koma kati na takarda gaba ɗaya. Tsohuwar Maska ta sake zuwa, likita ya ƙi yi mata kowace allura, ya ba ta ƙwaya ya ce a dawo da ita idan jikin bai yi sauƙi ba.

Takardar da ka ce za ta biyo baya ba ta zo ba. Ina so ka amsa mini abu ɗaya ba tare da kwana-kwana ba. Benedict kake nufi? Idan ka san wani abu a kansa tun zamanka a nan, ka faɗa. Idan kuma ba shi kake nufi ba, to wa kake nufi da cikin gida?

Zakiyya

*

Ibadan,
Satumba, 2021

Ƙanwata Zakiyya,

Assalamu alaikum. Jiya Manu ya tafi da guntuwar takardata, yau na sami zama, ga cikakken bayanin da na yi alkawari. Wani direba mai suna Zaharaddeen zai kawo miki. Lafiyarmu ƙalau, ƙaramar ce ke fitar da haƙori, tana ba Amina wahala.

Mu a aikinmu netwok iri biyu ne. Akwai na cikin gida, wanda muke ce wa lan, wato kwamfutocin da ke gini ɗaya, kebul ya haɗa su. Akwai na waje, wato intanet. Wanda aka yanke muku na waje ne. Aikin asibiti kuwa, kati da magani da gwaji, duk a na cikin gida yake tafiya, ko ƙwayar saƙo ɗaya ba ta fita daga ginin.

Kowane kebul da ya fito daga bango yana ƙarewa ne a suwic. Ramukan nan ashirin da huɗu ƙofofi muke ce musu. Ki ɗauki suwic kamar ma'aikacin da ya san ɗakin da kowa yake zama. Kowace kwamfuta tana da lambar da aka buga mata tun daga masana'anta, lambar mak. Da ta yi magana sau ɗaya, suwic zai riƙe cewa mai wannan lamba tana ƙofa kaza. Idan saƙo ya zo dominta, ƙofarta kaɗai zai kai shi. Ban da wannan akwai adireshin IP, kamar lambar gida, shi kuma da hannuna na rubuta wa kowace nata, ba sa canzawa.

Farar na'urar nan mai ƙaho biyu da ke ofishin Kawu, mai layin waya a ciki, ita ce rauta. Ita ce ƙofar fita waje. Yanzu ba ta da aiki, ko tana nan ko ba ta nan ba abin da zai taɓa ku.

Ga inda nake zaton matsalar take. Idan kwamfuta tana neman wata ba ta san lambarta ba, sai ta yi shela, suwic kuma ya maimaita shelar a duk ƙofofi. Wannan ba laifi ba ne, kullum ana yi. Amma a ce an sami kebul ɗaya da ya fita daga suwic ya sake komowa cikinsa ta wata ƙofar. Shela za ta fita ta dawo, suwic ya ɗauka sabuwa ce ya sake maimaitawa, ta kuma dawowa. Ba ta mutuwa, wasu kuma suna ƙaruwa a kanta, har hanya ta cika, saƙon gaske ya rasa wurin wucewa. Shi ne fitilu ke ƙyaftawa tare. Muna ce masa zagaye. Manyan suwic suna gane shi su toshe ƙofa ɗaya da kansu, namu ƙarami ne, ba shi da wannan wayon.

Na sha ganin irinsa. Kusan kullum mai son tsafta ne, ya ga kebul yana jan ƙasa, ya ga rami a bango ba komai a ciki, sai ya cusa. Ba mugunta a ciki, wanda ya yi ma yawanci ya manta.

Yadda za ku gano shi ba wuya. Ku kunna komai, ku jira ƙyaftawar ta kankama. Sai a cire kebul na ƙofa ta farko a dubi fitilu. Idan ba su lafa ba a mayar, a cire na gaba. Wanda aka cire fitilu suka natsu, shi ne. Ku dubi lambar ƙofar, ku nemi ramin bangon da na rubuta wa wannan lamba da baƙin alƙalami.

Ki ba Benedict takardar nan, shi zai yi aikin kafin ki gama haɗa shayi. Ki ce masa na ji daɗi da bai bi maganar mutane ba. Lura da fitilun nan da ya yi, ita ta nuna mini komai.

A gaida Kawu da Inna.

Yayanki,
Abdussamad

*

Funtua,
Oktoba, 2021

Yaya Abdussamad,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Inna ta dawo daga Danja, mai jego da jariri lafiya.

Doguwar takardarka ta zo shekaranjiya. Motar Zaharaddeen ce ta lalace a Mokwa, ya daɗe yana jiran kayan gyara, takardar tana aljihun motar. Ta yi saɓani da tawa wadda na tambaye ka ko Benedict kake nufi. Ba sai ka amsa waccan ba.

Na karanta a ɗakin magani, na kai wa Kawu na ce ya karanta duka, kada ya tsallake komai. Ya karanta a tsaye. Da ya gama sai ya ciro mabuɗi ya wuce gaba, na bi shi.

Na kunna saba da suwic. Ba a jima ba fitilu suka kama ƙyaftawarsu. Na fara cirewa ina mayarwa kamar yadda ka ce, Kawu yana riƙe mini tocila don bayan akwatin da duhu. Da na cire na ƙofa ta goma sha ɗaya, sai fitilun suka watse, wannan ta ƙyafta, waccan ta tsaya, kowace da nata. Can sai muka ji firintar ɗakin gwaji ta farka tana fitar da sakamakon da aka tura mata tun watan jiya.

Muka bi ɗakuna muna duba lambobin bango. Goma tana ɗakin likita. Sha uku tana wajen kati. Sha ɗaya da sha biyu suna ofishin Kawu, gefe da gefe, bayan durowar ƙarfe. Na ja durowar. Gajeren kebul ne shuɗi, kai ɗaya a sha ɗaya, ɗaya kan a sha biyu.

Kawu ya daɗe yana kallonsa. Sai ya ce, “Ni na sa shi.”

Ya zauna a kujerar marasa lafiya, ba tasa ba, ya ce da aka yanke layi ya ji ana cewa za a riƙa duba masu na'urar intanet. Bai so a ga abu mai ƙaho a ofishinsa a yi wa asibiti wata fassara, sai ya cire rauta ya kulle a durowa. Kebul ɗin ya rage yana lilo, ya ji tsoron wani ya yi tuntuɓe, ya ga rami a kusa ya sa shi.

Ya ce, “Da Abdussamad ya ce a nemi wanda ya taɓa kebul, wallahi kaina bai zo mini ba. Ni a ganina gyara na yi.”

Na ce, “Haka ya rubuta, Kawu.”

Ya ce in je in kira Benedict. Na tafi shagon mahaifiyarsa bayan an tashi aiki. Na same shi a ciki yana ɗaure jaka. Na gaya masa komai, na ba shi takardarka. Ya karanta har ƙarshe, ya ɗan yi murmushi a wajen da ka yi maganar shayi, ya ce, “Ofishin Dakta ne kaɗai ban duba ba. Ban ga fuskar da zan ce ya buɗe mini in ja durowarsa ba.”

Na ce Kawu yana kiransa. Ya ce ya gode, amma jiya yara sun bi shi a layin gidansu suna kiransa da sunan da ba zan rubuta ba, mai babur ɗin da ya saba ɗaukarsa kuma ya wuce shi kamar bai gan shi ba. Mamansa ta ce gara ya yi nisa na ɗan lokaci, ita ba inda za ta. Bai san inda zai nufa ba, yana tunanin Kaduna. Ni na ce ya zo wurinka. Ban nemi izininka ba, ba hanyar nema.

Shi zai ba ka takardar nan da hannunsa. Manu ya ba shi wuri a gaban mota.

Ƙanwarka,
Zakiyya

*

Ibadan,
Oktoba, 2021

Zakiyya,

Wa alaikis salam. Lafiya muke. Benedict ya iso lafiya, ya gaji, ƙafafunsa sun kumbura da zaman mota. Yana ɗakin baƙi. Kin yi daidai da kika turo shi.

Takardunki biyu kusan tare suka same ni, mai tambaya da mai amsa. Benedict ya faɗa mini kalmomin da Kawu ya maimaita a ofis, na zauna na jera su yadda wanda ba ɗan aikinmu ba zai ji su. Da ni aka karanta wa, ni ma abin da zan fahimta ke nan. Mu a wurin aiki kullum cewa muke cikin gida da waje, har na manta maganar tana da wata ma'ana. Na gaya wa Benedict haka, na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai. Ban san ko har zuciyarsa ba ne.

Shugabana ya yarda ya riƙa bina wurin aiki. Muna ja wa wata makaranta kebul, hannunsa yana da tsafta, ya fi wasu da na tarar a nan.

Ki gaya wa Kawu ina gaishe shi. Ki gaya masa kuma maganar a gaban mutane ta fita, a gaban mutane ya kamata a janye ta. Ki faɗa da irin lafazin da kika san zai ɗauka.

Abdussamad

*

Funtua,
Nuwamba, 2021

Yaya Abdussamad,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka har da Benedict. Muna lafiya. Ana ta kai auduga gidan gurza, gari ya ɗan motsa. Layin waya har yanzu shiru.

Ban kai ga isar da saƙonka ba, Kawu ya riga ni. Ya tara ma'aikata har da mai gadi, ya ɗaga kebul ɗin nan shuɗi ya ce shi ya sa, kuma ya zalunci Benedict. Ya je wurin shugaban 'yan sintiri ya faɗa. Ranar Juma'a ya tsaya a masallacin unguwa bayan an idar ya sake faɗa. Sannan ya je shagon Maman Benedict, ina tare da shi. Ta ba shi benci ya ƙi zama, ya yi maganarsa a tsaye yadda maƙwabtan shago za su ji. Ta saurare shi ta ce, “Na ji, Dakta. Allah ya kiyaye gaba.” Ta auna masa garin kwakin da ya ce yana so, ta koma ta zauna.

Wasu sun yarda. Wasu suna cewa Dakta mutumin kirki ne, rufa wa yaron asiri yake yi. Masu sayayya sun fara komawa shagon, ba kamar da ba dai.

Kwamfutoci suna aiki. Tsohuwar Maska ta dawo, an duba an ga allurar, ta sami sauƙi. Ni ke riƙe da mabuɗin ɗakin saba, na toshe ramukan bangon da ba a amfani da su da filasta.

Kawu ya ce in rubuta abu biyu. Yana son irin suwic ɗin da ka ce yana gane zagaye da kansa, ka zaɓa ka aiko. Kuma kujerar Benedict tana nan, ba a ba kowa ba, ba za a ba kowa ba sai an ji daga bakinsa. Ya ce in rubuta haka daidai, kada in ƙara kada in rage.

Zakiyya

*

Ibadan,
Nuwamba, 2021

Ƙanwata Zakiyya,

Wa alaikis salam. Muna lafiya, haƙorin ƙaramar ya fito, gida ya huta. A gaida Inna, a gaida Kawu da ƙoƙari.

Suwic ɗin yana cikin kwalin da Manu zai ba ki. Benedict ne ya saita shi, ni kallo kawai na yi. Ya kunna masa tsarin da ke toshe zagaye, ya kashe ƙofofin da ba ku amfani da su, ya gwada shi a gabana: ya ɗauki kebul ya jona ƙofa da ƙofa, fitilar ɗaya ta koma ruwan lemo, sauran suka ci gaba da aikinsu. Abin da za ki yi kawai ki mayar da kowane kebul a lambar da yake a tsohon. Idan kin ga fitila ruwan lemo wadda ta ƙi komawa kore, ki bi lambarta.

Na karanta masa saƙon Kawu kamar yadda kika rubuta. Ya ce a gode wa Dakta, ya yafe, ya kuma ji daɗin zuwan da ya yi shagon Mama. Amma a ba wani kujerar, kada aiki ya tsaya dominsa. Na ce ko sai ya ƙara tunani. Ya ce ya yi.

Daga baya muna cin abinci ya gaya mini abin da bai gaya miki ba. Ranar da 'yan sintiri suka tafi da shi, wanda ya fara yi masa tambaya ajinsu ɗaya a firamare a Funtua, benci ɗaya suka zauna. Tambayar farko da ya yi masa ita ce, kai mutumin ina ne. Ya ce duk sauran tambayoyin ya amsa, wannan ce ya rasa abin da zai ce. Ban matsa masa ba.

Zai zo ganin Mamansa a hutun Kirsimeti, ya ce zai leƙo ya duba ko kin jona daidai. A waje zai tsaya ko zai shiga, wannan ban sani ba.

A nan unguwar Sabo, Benedict ya saba da mutane da wuri. Mai shayinmu ɗan Malumfashi ne, ranar farko da ya ji Hausarsa ya ce wannan ba sai an tambaya ba. Tun daga nan ba wanda ke kiransa Benedict a layinmu. Ɗan Funtua suke ce masa, yana kuma amsawa.

Wassalam.

Yayanki,
Abdussamad